Ma'anar "mof" a bakin masu kiwon mesar ƙwallo

Mesar ƙwallo ƙaramar mesa ce ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wadda masana ke kira Python regius, kuma an san ta da dunƙule jiki ta cusa kanta a tsakiya idan ta tsorata. Daga Ghana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Amurka da Turai, inda take cikin macizan da aka fi kiwo a gida. Masu wannan kiwo ba sa rabuwa da kalmar mof, wadda ke nufin launi ko zane da ya bambanta da na mesar daji, wanda kuma sauyi a ƙwayar gado ne ya haifar da shi, ta yadda za a iya faɗin yadda zai fito a jikin 'ya'ya tun kafin a ƙyanƙyashe su. Wannan sharaɗi na gado shi ne ginshiƙin ma'anar, kuma shi ne mutane suka fi mantawa da shi idan kyan maciji ya ɗauke musu hankali.

Tushen ruɗanin shi ne, mesar daji ma kowace da irin zanenta. A kan baƙin jikinta akwai dabbare-dabbare masu ruwan ƙasa da ruwan zinariya, wasu da ɗigo biyu a ciki kamar idanu, kuma wata takan fito da haske fiye da 'yan'uwanta, wata da layi guda a gadon baya. Yawancin irin wannan bambanci daga haɗuwar ƙwayoyin gado masu yawa yake, don haka ba ya bin lissafi. Akwai kuma abin da ba gado ba ne kwata-kwata. Ana ɗumama ƙwan ne a zafin da bai wuce digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Celsius ba na kimanin kwana 55 zuwa 60, kuma idan zafin ya yi ta hawa da sauka, jinjirin na iya fitowa da zane mai ban mamaki wanda ba zai taɓa gadar wa kowa ba. Macijin da ke dab da yin saɓa launinsa yakan dushe, idanunsa su yi shuɗi-shuɗi, wanda ya gama saɓa kuma ya yi ta ƙyalli. Da yawa suna ƙara duhu idan sun girma. Hoto kuwa, musamman wanda aka ɗauka da hasken kyamara, shi ne shaidar da ta fi kowace rauni.

Saboda haka hujjar da masu kiwo na gaskiya ke karɓa ita ce barbara. A haɗa macijin da ake zato da wanda yake da zanen daji zalla, a jira a ga 'ya'ya. Idan kusan rabinsu suka ɗauko zanen, ƙwayar mai rinjaye ce. Daga nan sai a haɗa masu zanen biyu, domin a wasu nau'o'in macijin da ya gaji ƙwayar daga uwa da uba yakan fito da kama ta daban ɗungurungum. Haɗa macizai biyu na nau'in da ake kira mojabe, alal misali, na iya ba da maciji kusan fari mai shuɗin ido. Idan kuwa duk 'ya'yan suka fito kamar na daji, magana ba ta ƙare ba, domin mai yiwuwa ƙwayar ɓoyayyiya ce, wadda ba ta bayyana sai an gaje ta daga ɓangare biyu. Dole a raini 'ya'yan su balaga, a haɗa su da juna ko da mahaifinsu, kuma macen takan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ta isa yin ƙwai. Sannan ƙwan da take yi a lokaci guda bai cika wuce shida ko makamancin haka ba, wanda ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi, tunda a haɗin masu ɗauke da ɓoyayyiyar ƙwaya ɗaya cikin huɗu kawai ake sa ran zai nuna zanen.

Da irin wannan haƙuri aka tabbatar da nau'o'in farko. Wani mai kiwo, Bob Clark, shi ne ya fara ƙyanƙyashe mesar ƙwallo zabiya a hannun masu kiwo a 1992, wani mai kiwon kuma, Peter Kahl, ya nuna a 1997 cewa mai farin dabbare, wadda jikinta ke da faffaɗan wurare farare fat a tsakanin zanen, gado ce ɓoyayyiya.

Kamanni ma kansa yana yaudara ta wata fuskar. Akwai zuriyoyi daban-daban na macizan da suka rasa launin rawaya, masu kama da juna a ido, amma idan aka haɗa na wannan zuriya da na waccan sai 'ya'yan su fito da launin daji, abin da ke nuna cewa ƙwayoyin da suka sauya ba ɗaya ba ne. Haka nan idan mai sayarwa ya rubuta cewa macijinsa "het 66%" ne, nufinsa shi ne iyayen duka suna ɗauke da ɓoyayyiyar ƙwaya, shi kuma wannan da bai nuna komai ba yana da damar biyu cikin uku ta kasancewa yana ɗauke da ita. Mai saye yana biyan kuɗin yiwuwa ne, kuma darajar wannan yiwuwar ta dogara ga gaskiyar bayanan iyayen.

A 'yan shekarun nan kimiyya ta rage tsawon jiran. An gano cewa zabiya tana da nasaba da ƙwayar gado da ake kira TYR, mai farin dabbare kuma da wadda ake kira TFEC, kuma ana iya yin gwajin da saɓar da macijin ya yar, ba tare da an ɗebi jininsa ba. Sai dai gwajin yana gano sauyin da aka riga aka sani ne kawai; sabon zane har yanzu sai an bi hanyar barbara.

Akwai abin da nake ganin bai kamata a yi shiru a kansa ba. Tabbatar da cewa zane gado ne ba ya nufin macijin lafiyayye ne. Nau'in da ake kira gizo-gizo, saboda siraran layukansa, mof ne na haƙiƙa, amma ƙwayar da ke ba shi zanen tana tafe da larurar rawar kai da rashin daidaito, har wasu su riƙa murɗa wuya suna kuskuren cafke abinci, kuma bincike ya danganta hakan da naƙasa a cikin kunnen ciki. Wasu haɗe-haɗen kuma jinjirin a cikin ƙwai yake mutuwa. Don haka duk mai niyyar saye ya nemi hoton uwa da uba, ya tambayi yadda sauran 'ya'yan ƙwan suka fito, sannan ya tsaya ya kalli yadda macijin yake riƙe kansa idan an juya shi a hannu.