Wai Stalin ɗan Rasha ne? Ga yadda abin yake

Jama'a, tun muna makaranta muke jin ana cewa Stalin, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet, ɗan Rasha ne, kuma ba laifin kowa ba ne, tunda daga Mosko ya yi mulki, sannan mun saba kiran Tarayyar Sobiyet gaba ɗaya da Rasha alhali jamhuriyoyi 15 ne a cikinta kafin ta wargaje.

Toh gaskiyar magana mutumin ɗan Jojiya ne, ɗaya daga cikin jamhuriyoyin nan, a wani gari Gori aka haife shi a 1878, lokacin yankin na ƙarƙashin daular sarkin Rasha. Sunansa na yanka Yosif Jugashvili, babansa mai gyaran takalma ne, shi kuwa har makarantar horar da limaman coci ya shiga a Tiflis, wato Tbilisi ta yanzu, amma bai gama ba. Stalin ɗin laƙabi ne ya ɗauka daga baya, daga kalmar ƙarfe a Rashanci. Rashancin ma a makaranta ya koya, kuma har ya mutu a 1953 karin harshen Jojiya bai bar bakinsa ba. Kar fa a ɗauka ya raga wa mutanensa, kashe-kashen da gwamnatinsa ta yi a 1937 da 1938 sun ci 'yan Jojiya sosai.

In kana so ka tabbatar, buɗe taswira a wayarka ka nemo Gori ka ga ƙasar da take, sannan ka duba sunayen da ke ƙarewa da "shvili", za ka ga na 'yan Jojiya ne.

Don Allah a tura wa wasu su ma su karanta.