Yadda ake auna ƙarfin hari da tsaro a ƙwallon kwando: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa yawan maki bai isa a yanke hukunci ba?

Saboda gudun wasa ya bambanta. A ce a gasar makarantun Katsina wata ƙungiya ta ci maki 80, amma sau 90 ƙwallo ta shigo hannunta. Wata kuma daga Daura ta ci 70 cikin dama 68 kacal. A allo ta farko ce gwana, amma in aka mayar da lissafin kan dama 100, tana da 89, ta biyu kuwa 103. Wannan adadi, wato maki a kowace dama 100, shi ne ma'aunin hari. Makin da aka zura maka a dama 100 na abokan karawa shi ne ma'aunin tsaro.

To ta yaya ake ƙirga damar?

Daga takardar sakamakon wasa. A ɗauki jimillar jifa, a cire ƙwallayen da ƙungiya ta sake cafewa bayan jifanta ya kauce, a ƙara ƙwallayen da ta yi asara, sannan a ƙara jifan kyauta da aka ninka da 0.44.

Misali: jifa 70, sake cafewa 12, asara 15, jifan kyauta 20. Ka ga 70 a cire 12 saura 58, da 15 ya zama 73, da 8.8 kusan 82. In an ci maki 74, ma'aunin hari 90 ke nan.

Ana cire sake cafewar ne domin damar ba ta ƙare ba, agogon jifa kawai ake mayarwa daƙiƙa 14 a ci gaba. Shi kuma 0.44 ɗin, jifan kyauta biyu yawanci dama ɗaya suke ci, wani kuma ƙari ne bayan ƙwallo ta riga ta shiga, shi ya sa ba a ƙirga kowane a matsayin dama guda.

Ana iya gane dalilin nasara ko faɗuwa?

Dean Oliver, masanin ƙididdigar ƙwallon kwando, a shekarar 2004, ya kasa abin gida huɗu: ingancin jifa kashi 40, asarar ƙwallo 25, cafewa 20, jifan kyauta 15. Jifan ne ke da kaso mafi tsoka, kuma nan koci da yawa ke ruɗewa. Ɗan wasan da ya zura 4 cikin 10, duka masu maki uku, ya kawo 12. Wanda ya zura 5 masu maki biyu ya kawo 10. Shi ya sa ake ƙara rabin ƙwallo ga kowane jifa mai maki uku da ya shiga kafin a raba da yawan jifa: na farko kashi 60, na biyu 50.

Ina aka fi samun kuskure?

Wurin mai rubutu. Da yawa ba sa raba cafewar hari da ta tsaro, nan take lissafi ya wargaje. Hanyar ganewa: damar ƙungiyoyi biyu a wasa ɗaya kusan daidai take, in tazarar ta yi yawa a koma kan takarda. Kada kuma a ɗora hukunci kan wasa biyu ko uku.

Ma'aunin tsaron ɗan wasa guda fa?

A yi hattara da shi. Takarda tana rubuta ƙwace da tarewa, ba ta rubuta yaron da ya tsaya a gurbinsa har aka fasa shigowa. Ga wannan sai bidiyo, ko na waya ne daga saman benci.