Waiwaye: Tun yaushe kujerun filayen zagaye na IndyCar suka fara zama fayau?

Duk shekara idan aka fitar da jadawalin gasar IndyCar a Amurka, gardama ɗaya ce ke tashi. Wani ɓangare na masoya ya ce gasar ta bar gida, domin a kan filayen zagaye masu siffar ƙwai aka haife ta, inda mota ba ta juyawa sai hagu, amma yau yawancin tserenta a titunan birane da hanyoyi masu lanƙwashe-lanƙwashe ake yi. Ɗaya ɓangaren ya ce a je a dubi kujerun 'yan kallo tukuna. Tseren Indy 500, na mil 500 da ake yi a filin Indiyanapolis, yana tara mutum sama da 300,000 a rana guda, amma sauran filayen zagaye sun sha yin tsere mai daɗi a gaban kujeru da babu kowa. Filin Pocono ya fita daga jadawali bayan 2019, na Texas ya bi shi bayan 2023.

Masu sharhi sun fi danganta wannan da rabuwar gasar gida biyu a 1996, ko da mummunan haɗarin Las Vegas na 2011. Dukansu sun yi ɓarna, amma a ganina tun shekara talatin kafin rabuwar ruwan ya fara tsami.

Farkon labarin sananne ne. An buɗe filin Indiyanapolis a 1909, zagayensa mil biyu da rabi, aka shimfiɗa masa bulo kimanin miliyan 3.2. A 1911 Ray Harroun ya lashe tseren mil 500 na farko. Daga nan har ƙarshen shekarun 1950, motar tsere a Amurka injinta a gaba yake, tayoyinta huɗu a waje ba rufi, direba yana zaune a miƙe bayan babban sitiyari.

Abin da ake mantawa shi ne wannan siffa ta motar ita ce ta haɗa babban fili da ƙananan filaye. A garuruwan Indiyana da Ohayo da Fensilbeniya akwai ɗaruruwan ƙananan filayen zagaye na ƙasa, marasa kwalta, inda ake tsere daren Asabar. Motocin can ƙannen motar Indy ne, ƙira ɗaya, tuƙi kusan ɗaya: a shiga kwana a bar gindin mota ya zame, a riƙe ta da totur. Yaron da ya ƙware a ƙasa, masu motocin Indy za su ji labarinsa. Mutanen garinsu kuma, waɗanda suka gan shi tun yana cin ƙura, su ne za su sayi tikiti su bi shi. Babbar gasar Amurka ma da kanta a lokacin tana da tsere a filayen ƙasa masu zagayen mil guda. Tsani ne, kuma 'yan kallo ma a kansa suke hawa.

Sai ga Jack Brabham ɗan Ostireliya a 1961 da wata 'yar ƙaramar Cooper mai inji a baya, irin ta Formula 1. Injinta lita 2.7 ne, na sauran kusan 4.2. A miƙaƙƙiyar hanya suna wuce shi, a kwana yana rama abinsa, ya gama na tara. Na tara ba abin a zo a gani ba ne, amma masu ido sun gani. A 1963 Jim Clark ya zo na biyu a motar Lotus mai inji a baya. A 1964 A.J. Foyt ya ci da mota mai inji a gaba, kuma daga ita ba a sake ba. A 1965 Clark ya jagoranci zagaye 190 cikin 200 ya lashe, kuma motoci 27 cikin 33 da suka tashi ranar injinsu a baya yake. Shekara huɗu kacal.

Ba wanda ya yi laifi a nan, mota mafi sauri ce ta yi nasara. Sai dai sabuwar motar ba ta filin ƙasa ba ce. Ƙasa-ƙasa take, ba nauyi, direba kusan a kwance, kuma zamewar da ke sa mutum ya ci a filin ƙasa ita ce ke jefa ta bango. Mai mota ya koma bukatar iri biyu don gasa guda, don haka a 1971 tseren filayen ƙasa ya koma gasa mai zaman kanta. A 1972 fukafukan da ake ɗora wa mota don iska ta danne ta a kan hanya suka samu gindin zama, gudun da ake samun layin gaba da shi ya tashi daga mil 178 a sa'a zuwa kusan 196 cikin shekara guda. Su Foyt da Mario Andretti, da sun riga sun shiga, sun koyi sabon tuƙin suka ci gaba da ci. Na bayansu ne suka tarar tsanin ya karye. Makarantar motar Indy ta koma ƙananan gasanni na motoci masu inji a baya, waɗanda akasari a hanyoyi masu lanƙwasa ake yin su, kuma shigarsu sai da kuɗi masu kauri.

To ina yaran filayen ƙasa suka nufa? Jeff Gordon ya koma Indiyana yana matashi, nesa kaɗan da filin, ya ci kambun ƙananan motoci a 1990 da na Silver Crown, magajiyar waccan gasar filayen ƙasa, a 1991. NASCAR ya tafi, gasar motoci masu rufi, inda har yanzu inji a gaba yake. A 1994 ya dawo Indiyanapolis ya lashe tseren Brickyard 400 na farko, a mota mai rufi. Tony Stewart, ɗan Indiyana wanda shi ma ya taso a filayen ƙasa, ya ci kambun gasar Indy a 1997, amma zuwa 1999 shi ma yana can. 'Yan kallon daren Asabar sun bi 'ya'yansu.

Idan aka dubi rabuwar 1996 ta wannan fuska, faɗa ne a kan raunin da ya riga ya daɗe, kuma haɗewar 2008 ba ta ɗinke shi ba. Haɗurra suka ƙara nasu: Dan Wheldon ya rasu a karon motoci 15 a Las Vegas, Justin Wilson a Pocono a 2015, Robert Wickens ya samu rauni a laka a wannan filin a 2018. An yi gyara sosai, daga bango mai shanye ƙarfin karo a 2002 zuwa gilashin kare kan direba a 2020, kuma filin Milwaukee ya dawo a 2024. Wannan ya rage tsoro, bai dawo da alaƙar ba.

A 2024, da Kyle Larson, wanda ya taso a filayen ƙasa, ya zo daga NASCAR ya gwada Indy 500, zuwansa kaɗai ya zama babban labarin watan Mayu. A zamanin Foyt, ta wannan hanya kusan kowa yake zuwa.