Waiwaye: Jarin Gwamnati ga Matashin da Bai Gaji Komai Ba

Samari biyu za su gama makaranta rana ɗaya, ɗaya uba ya kama masa shago, ɗayan kuwa kuɗin motar zuwa neman aiki ma sai ya ranta. Wannan tazara ce ta haifar da tunanin hukuma ta danƙa wa kowane matashi jari da zarar ya kawo ƙarfi. Tunanin ya haura shekara 200, kuma a Turai aka fara shi.

Thomas Paine, ɗan Ingilan nan da ya taka rawa a juyin-juya-halin Amurka da na Faransa, ya fitar da wata ƙasida a 1797. Hujjarsa ita ce asali ƙasa ta kowa ce, da aka yanka ta gonaki aka mallake, sai aka bar wasu ba ko taku ɗaya, saboda haka akwai bashi a wuyan masu dukiya. Ya nemi a ba duk wanda ya cika shekara 21 fam 15, a ciro kuɗin daga kashi ɗaya cikin goma na dukiyar gado. A lissafinsa, ango da amarya in suka haɗa nasu za su sayi saniya da kayan noma. Ya dage cewa haƙƙinsu ne, kada a kira shi sadaka. Babu gwamnatin da ta kula shi.

A 1999 maganar ta sake tashi, lokacin da malaman shari'a biyu na Jami'ar Yale, Bruce Ackerman da Anne Alstott, suka ba da shawarar a ba kowane matashin Amurka dala 80,000, a biya da harajin kashi 2 cikin ɗari a kan dukiya.

Birtaniya ce ta gwada a aikace. Gwamnatin Tony Blair, Gordon Brown na ministan kuɗi, ta buɗe asusun yara na Child Trust Fund a 2005, ga duk wanda aka haifa daga 1 ga Satumba 2002. Kowane jariri fam 250, ɗan talaka fam 500, kuma ba mai taɓawa sai yaron ya kai shekara 18. An buɗe asusu sama da miliyan shida. Sai dai tun daga tushe an rage wa abin ƙarfi. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, ga shi an ba iyaye damar ƙara har fam 1,200 a shekara, wanda masu hali ne kawai ke iyawa, sai tazarar da aka zo toshewa ta biyo yaran cikin asusun. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na asusun ma hukumar haraji ce ta buɗe da kanta, don iyayen ba su yi amfani da takardar da aka aiko musu ba.

A ganina babban raunin shi ne ba a ɗaure shirin da wata kafar kuɗi tasa ba, kamar yadda Paine ya ɗaure nasa da gado. Da aljihun gwamnati ya yi zafi, gwamnatin haɗaka ta David Cameron ta sanar da soke shi a 2010, kuma wanda aka haifa bayan 2 ga Janairu 2011 bai samu ko sisi ba. Jarirai ba su da ƙuri'a, shi ya sa soke shirin bai yi wa kowa wuya ba.

Rukunin farko sun fara karɓa a Satumban 2020. Abin takaici, a 2024 hukumar haraji ta ce matasa fiye da 670,000 ba su zo ɗaukar nasu ba, alhali a matsakaici kowanne na da kusan fam 2,200. Da yawansu ba su ma san da zaman kuɗin ba.

Yanzu hankali ya koma Amurka. Jihar Connecticut tana ajiye dala 3,200 ga kowane jaririn da aka haifa ƙarƙashin inshorar lafiyar marasa galihu tun daga Yulin 2023, ta kuma ware kuɗin shekaru masu yawa tun da wuri, don kada wata gwamnati ta zo ta janye. Mai asusun zai karɓa tsakanin shekara 18 da 30, ya sayi gida, ko ya yi karatu, ko ya kafa sana'a, ko ya yi tanadin tsufa. Na farkonsu za su isa karɓa a 2041.