Kaurin ruwa (biskositi)

Kauri, ko biskositi a bakin masana kimiyya, shi ne gardamar da abu mai ruwa-ruwa yake yi wa kwarara. Ka karkata kofin ruwa nan take ya zube, ka karkata kwalbar zuma sai ka tsaya kana jiranta, to wannan bambancin shi ake nufi. Dalili kuwa ruwa ba dunƙule yake tafiya ba, hawa-hawa yake, na jikin bututu ko kwano kusan a tsaye yake na tsakiya kuma yana gudu, gogayyar da ke tsakaninsu ita ce kaurin.

Mutane da yawa suna haɗa kauri da nauyi kuma ba ɗaya ba ne sam. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri nesa ba kusa ba amma zuba shi a ruwa ka gani, sama yake tasowa.

Ana auna kauri da ma'aunin faskal-sakan, akwai kuma tsohon ma'auni fowaz da aka sa wa sunan Poiseuille, wani likitan Faransa da ya yi nazarin gudun jini wajen shekarar 1840. Ruwa a zafin digiri 20 kusan milifaskal-sakan 1 ne (wato kashi ɗaya cikin dubu na faskal-sakan), zuma kuwa dubbai. Abin da Poiseuille ya gano ya cancanci a riƙe shi, in ka rage faɗin siririn bututu da rabi ruwan da zai wuce sau 16 yake raguwa, shi ya sa ƙanƙancewar jijiya ko kaɗan ce take wahalar da zuciya.

Zafi yana tsinka ruwa, sanyi yana ƙara masa kauri. Duk wanda ya yi hunturu a Kano ya ga yadda manja yake kamewa sai an kai shi rana. Iska ce ta saɓa, ita kaurinta ƙaruwa yake da zafi. Wannan canjin kaurin mai tsakanin sanyi da zafi ne ma'anar lambar da ke jikin galan ɗin baƙin mai irin 20W-50 da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa, ta farko halin man a sanyi ta biyu halinsa in inji ya ɗau zafi, kuma gaskiya mai adaidaita sahu ya kamata ya duba ta kafin juye, don man da ya tsinke da yawa baya raba ƙarfe da ƙarfe.

Akwai waɗanda kaurinsu baya tsayawa wuri ɗaya. Sitaci da aka dama da ɗan ruwa in ka doke shi tauri yake, ka sa yatsa a hankali ya nutse. Kwalta ma ruwa ce mai kauri na fitar hankali, a jami'ar Kwinsland ta Ostareliya an zuba irinta a mazurari tun 1927, ɗigo na 9 sai a 2014 ya sauko.