Tambayoyinku kan fim ɗin asibitin ƙwaƙwalwan nan, na amsa sau ɗaya

Tun da yaran unguwarmu a nan Jidda suka kalli One Flew Over the Cuckoo's Nest ban huta ba, wai don na yi shekaru ina aiki a sashen masu taɓin hankali. Kowa Kawu kaza, Kawu kaza. Toh ga amsa, wanda ya sake tambaya wannan zan turo masa.

Labarin gaskiya ne?

A'a. Littafin ƙirƙira ne na Ken Kesey, 1962, aka mai da shi fim a 1975.

Amma asibitin na gaske ne?

Eh. Asibitin gwamnatin jihar Oregon ne a Amurka, kuma wanda ya fito a babban likita shi ne shugaban asibitin na haƙiƙa a lokacin. Shi ya sa ginin da layin karɓar magani suka yi kama, wannan ƙaramin kofin da nas ke miƙowa ta taga ni ma na miƙa irinsa har na gaji.

Kawu, a Shahar ma haka ake yi?

Haba. Ku daina. Shahar unguwa ce a Ɗa'if inda asibitin ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar nan yake, sunan ya zama abin zolaya kamar yadda a Kano ake cewa a kai shi Dawanau. Fim ɗin Amurka ne na rayuwar 1963, kai ko ƙofar asibitin ba ka taɓa gani ba kana yanke hukunci.

Tiyatar da aka yi wa jarumin a ƙarshe fa?

An yi ta, ba ƙarya ba ne, tiyata ce ta yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa. Wani likitan Fotugal, Egas Moniz, har kyautar Nobel ya samu a kanta a 1949. Amma da aka fara ba marasa lafiya maganin Largactil a Faransa a 1952 sai kasuwarta ta mutu, kafin 1963 ta yi ƙaranci sosai. Yau ba a yi.

Likita ya ce a yi wa Hajiyarmu maganin wutar lantarkin nan da ake sa wa ƙwaƙwalwa, ni kuma na ga yadda aka yi a fim, mu yarda?

Wannan ce tambayar da ta sa na zauna rubutu, kuma ɗiyata kwantar da hankalinki. Ba zan ce ki yarda ba, ba zan ce ki ƙi ba, ban ga Hajiya ba kuma ni ba likitanta ba ne. Abin da kika gani, mutum ido biyu an danne shi an sa masa roba a baki yana fizge-fizge, haka aka fara a Rum a 1938 kuma an daɗe ana yi haka, a nan masu fim ba su yi ƙage ba, har amfani da shi don horon mai taurin kai ya faru a wasu wurare. Sai dai tun shekarun 1950 aka soma haɗawa da allurar barci da ta sakin jijiya. Yadda na gani da idona, mara lafiya zai kwana bai ci komai ba, a sa masa allura ya yi barci, wutar 'yan daƙiƙoƙi ce, wani lokaci yatsun ƙafa kawai za ki ga suna motsi, can ya farka yana neman shayi. Yawanci sau 6 zuwa 12 ake yi, sau biyu ko uku a sati. Amma kar in ɓoye miki, mantuwa gaskiya ce, wasu ta wuce cikin makonni, wasu kuma akwai abubuwan da suka faru dab da lokacin da ba sa dawo musu, ga ciwon kai da ruɗewa bayan an tashi. A ɗaya gefen na ga dattijuwar da ta daina ci da magana kwata-kwata ta dawo tana faɗa da jikokinta. Ki koma mustashfa, wato asibiti, ki tambayi likitan me ya sa wannan ba ƙwaya ba, waɗanne magunguna aka gwada, ya zuciyarta da hawan jininta, wa zai sa hannu. In Larabcinki bai kai ba ki tafi da wanda zai fassara, kar ki yi ta gyaɗa kai don kunya.

Ashe gara ruƙiyya ke nan?

Wa ya ce a zaɓi ɗaya? Tijjani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda asibitin Umdurman ke ɗauke da sunansa, da malamai ya riƙa aiki. A yi addu'a, a sha magani. Abin da ban yarda da shi ba a dakatar da ƙwaya, ko a ɗaure mutum a turu a ce ana korar aljani.

Nas-nas duka mugaye ne kamar waccan matar ta cikin fim ɗin?

Ni ka tambaya? Allah ya shirye ka.