Waiwaye: daga batirin laftof na 2006 zuwa motar da aka ce kar ta kwana a gareji

Duk lokacin da aka ji wani kamfani ya yi wa motocinsa masu aiki da lantarki kiranye saboda batir, sai musun ya dawo sabo fil. Wasu su ce ai dama mun faɗa, bam ne mutane ke ajiyewa a gidajensu, wasu kuma su ce ƙarya ne masu man fetur ke hura wutar maganar. Shi kuwa mai motar yana tsakiya riƙe da takardar da aka aiko masa, an ce kar ya cika caji, kar ya bari cajin ya yi ƙasa sosai, kar ya bar ta jone da wuta yana barci, kuma ya fitar da ita waje ta kwana nesa da gida, alhali bashin motar ma wataƙila bai gama biya ba. Ni abin da ke damuna a musun nan shi ne kowa na magana kamar jiya abin ya faɗo daga sama, bayan kuwa ya daɗe yana zuwa, kuma an ga alamarsa ƙarara tun kusan shekara 20 da suka wuce a wani abu da ba mota ba.

Farkon labarin sananne ne, ba sai na ja shi ba. Motar lantarki ba sabuwa bace, tun wajen 1900 tana yawo a titunan Amurka da Turai da batirin dalma mai nauyin tsiya, sai fetur ya yi arha motarsa ta yi nisa, aka manta da ita. A shekarun 1970 Stanley Whittingham ya haɗa batirin litiyam mai cajuwa, John Goodenough ya inganta shi a 1980 a Oxford, Akira Yoshino a Japan ya kawo dabarar da ta sa aka daina saka tsagwaron ƙarfen litiyam a ciki a 1985, batirin ya shiga kasuwa a 1991, su ukun kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2019. Abin lura ɗaya a nan shi ne, tun daga ɗakin gwaji matsalar wuta ce ta fi ba su wahala, don litiyam ɗin kan fitar da wasu ƙayoyi sirara a cikin batirin har su huda su haɗa ɓangarorin biyu.

To don a gane sauran maganar dole a san yadda cikin abin yake. Batirin mota ba dunƙule ɗaya bane, ƙwayoyi ne da yawa aka jera aka haɗa. A cikin kowace ƙwaya akwai falle biyu da ke musayar caji, an naɗe su ko an jera su kamar shafukan littafi, a tsakaninsu akwai wani shamaki na roba wanda bai kai kaurin silin gashi ba, sannan duka suna jiƙe cikin wani ruwa mai cin wuta. Wannan siririn shamakin shi kaɗai ne ya hana fallayen nan taɓa juna. Idan ya huje ko ya lanƙwashe wuta ta haɗe a ciki, zafi ya tashi, zafin ya narka sauran shamakin, ƙwayar ta ƙara zafi ta kunna maƙwabciyarta, ita ma ta kunna ta gaba, haka dai har ya zama ba mai iya tsayar da shi. Wasu nau'ukan ma in sun yi zafi sosai da kansu suke fitar da iskar da wuta ke ci, shi yasa 'yan kwana-kwana ke shan wahala, a zuba ruwa mai yawan gaske a ce ta mutu, bayan awanni ko kwanaki ta sake tashi.

Yanzu ga wurin da nake so mu tsaya, shekarar 2006. A watan Yuni na shekarar wata laftof ta kama da wuta ana tsakiyar taro a Osaka, hotunan suka bazu a intanet. Zuwa Agusta wani kamfanin kwamfuta ya janye batura miliyan 4.1, ba a yi sati biyu ba wani ya janye miliyan 1.8, kafin ƙura ta lafa jimillar ta doshi miliyan 10 a faɗin duniya. Da aka bincika ba wani babban kuskuren zane aka samu ba, ɓurɓushin ƙarfe ne ƙanana da ido ba ya gani, da suka faɗa cikin wasu ƙwayoyin lokacin haɗa su a masana'anta. Ɓurɓushin nan zai iya zama a ciki wata da watanni ba abin da ya faru, ana caji ana saukewa fallayen suna ɗan kumbura suna motsewa, har ranar da zai huda shamakin.

Kwamfutocin da suka ƙone ɗin fa 'yan kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da miliyoyin da aka janye. To me yasa aka janye duka? Saboda babu wanda ya iya nuna wacce ƙwaya ce mai ɓurɓushi wacce ce lafiyayya. An gwada su kafin su bar masana'anta sun wuce gwajin, cutar a ɓoye take, kuma ba a ajiye bayanin kowace ƙwaya dalla-dalla yadda za a ce waɗanda aka yi a inji kaza ranar kaza su kaɗai abin ya shafa ba. Wannan shi ne darasin farko, kuma a ganina shi ne ginshiƙin duk abin da masu motoci ke fama da shi yau.

Na biyun kuma lissafi ne kawai. Batirin laftof na lokacin ƙwaya 6 ne ko 9, irin masu kama da ɗan yatsa ɗin nan da ake kira 18650, wato faɗi milimita 18 tsawo 65. A daidai wannan bazarar ta 2006 da ake ta janye batura, aka nuna samfurin wata motar lantarki ta tsere da za ta yi aiki da ƙwayoyi masu wannan girman, da ta fito kasuwa a 2008 guda 6,831 ne a cikinta. Gaskiya injiniyoyin da suka yi irin waɗannan motocin sun san haɗarin, sun saka na'urar sanyaya, sun raba ƙwayoyin, sun saka kwamfutar da ke lura da zafi da caji, kuma wannan ya yi aiki sosai. Amma duk wannan tsaron daga waje yake, ba ya shiga cikin ƙwaya ya cire lahanin da aka haife ta da shi. A ɗauka misali, misali kawai nake bayarwa, ƙwaya ɗaya cikin miliyan ce ke da lahani. Kowace masana'anta za ta ce wannan ai kyakkyawan aiki ne. To a saka ƙwaya 300 a kowace mota a sayar da mota 100,000, ƙwaya miliyan 30 kenan, wato mota kusan 30 na yawo da cutar kuma ba a san ko su waye ba, sauran 99,970 kuma dole su ma a aika musu takarda.

Na ukun shi ne wanda ban cika jin ana faɗa ba, kuma shi ya fi taɓa mai mota. A 2006 shawarar da aka ba mutane mai sauƙi ce, ka zare batirin ka ajiye, ka jona kwamfutarka da wuta ka ci gaba da aiki, sabo na nan zuwa a kwali. Wato abin ya zo da sauƙi ne saboda batirin ɗan ƙarami ne kuma yana ciruwa da hannu, shi yasa duniya ta ɗauke shi a matsayin ƙaramar matsalar 'yan kwamfuta aka wuce wurin. Batirin mota kuwa ɗaruruwan kilo ne, yana ƙarƙashin motar a ɗaure, shi ne abu mafi tsada a jikinta, cire shi sai an ɗaga motar da kayan aiki na musamman da makanikin da aka horar kan wuta mai ƙarfi, jigilarsa ma doka ce da ita don kaya ne mai haɗari, kuma sabon da za a saka sai an ƙera shi a irin masana'antun da dama layi ake bi. Tsarin kiranyen mota gaba ɗaya an gina shi ne kan ƙananan abubuwa, birki ko bel ko waya, ka kai wa dila ka jira ka ɗauko. Ba a shirya wa ranar da abin da za a canza shi ne kusan rabin darajar motar ba.

Bayan nan alamomi sun ci gaba da zuwa. A 2013 an dakatar da wani sabon samfurin jirgin sama daga tashi na wajen wata uku saboda batirinsa, a 2016 aka janye wata wayar hannu gaba ɗaya har aka hana shiga jirgi da ita. A daidai wannan tsakanin kuma kasuwar mota ta koma tambaya ɗaya tal, kilomita nawa take ci a caji ɗaya. Mu masu saye ma da namu kason a nan, don shi muke fara tambaya kafin komai. Don a ƙara nisa sai aka ƙara nikel a cikin batir, aka ƙara matse kayan ciki, shamaki ya ƙara siranta, aka gina sababbin masana'antu cikin gaggawa. Duk wanda ya san aikin inji ya san sabon layi da sababbin ma'aikata da saurin cika oda nan ne ƙananan kurakurai ke ɓuya. Akwai nau'in da ya fi haƙuri da zafi, mai litiyam da ƙarfe da fosfet wanda ake kira LFP, an san shi tun ƙarshen shekarun 1990, amma da yake ba ya kai wancan nisa sai aka daɗe ana masa kallon na motoci masu arha da bas-bas.

Sai 2020 da 2021 suka zo da abin da lissafin nan ya riga ya nuna. A ɗaya daga manyan kiranyen, wanda a ƙarshe ya shafi mota wajen 140,000, an fara ne da manhaja, aka rage cajin zuwa kashi 90 cikin 100, daga baya aka saka wata manhajar da aka yi fatan za ta gano ƙwaya mai lahani, sai ga wuta ta tashi a motocin da aka riga aka yi wa wannan gyaran. Nan aka koma canza batura, aka ce wa mutane su riƙa ajiye motar a waje bayan caji, wasu har aka ce su bar tazarar kusan mita 15 tsakaninsu da sauran motoci a wurin fakin. Da aka buɗe ƙwayoyin abin da aka samu lahani biyu ne da kowannensu ba kasafai ake samunsa ba, ɗan harshen ƙarfe da ya yage da kuma shamaki da ya naɗe, sai sun haɗu a ƙwaya ɗaya wutar ke tashi. Duk wanda ya tuna 2006 zai ga labari ɗaya ne, ƙaramin abu daga masana'anta, ba a iya ware mai shi ba, aka kira kowa. Bambancin kawai wannan karon ba a zare batir a ajiye a kan tebur.

Kuma a yi adalci, alƙaluman da aka tattara a ƙasashe irin su Suwidin sun nuna motar lantarki ba ta kai ta fetur yawan kamawa da wuta ba. Amma faɗa wa mai takardar kiranye wannan ba ya rage masa komai. Motar fetur yawanci tana kan hanya ko bayan haɗari take kamawa, tasa kuwa an ce masa za ta iya tashi tana tsaye cikin dare a gefen ɗakin da yaransa ke kwance. Ya sayi mota mai wani nisa an rage masa ta sama an rage ta ƙasa, wanda ke zaune a bene mai fakin a ƙarƙashin ƙasa ba shi da wajen da zai fitar da ita, wasu wuraren ajiye motoci suka hana irin motar shiga, in ya ce zai sayar darajarta ta faɗi, ga jiran batir na watanni.

An ɗan motsa daga baya. A Chaina dokar da ta fara aiki a farkon 2021 ta ce in ƙwaya ɗaya ta fara ƙonewa dole motar ta yi gargaɗi a samu aƙalla minti 5 na fita, LFP ya dawo da ƙarfinsa har a motoci masu tsada, Tarayyar Turai kuma a dokarta ta 2023 ta ce daga Fabrairun 2027 kowane batirin mota sai ya zo da fasfo na dijital mai ɗauke da bayanansa. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi kusa da ciwon da aka gani a 2006, sai dai shekara 21 kenan tsakani, kuma bai shafi miliyoyin motocin da suka riga suka fita ba. Waɗannan yanzu suna canza hannu, daga mai na farko zuwa na biyu zuwa na uku, wasu suna tsallaka teku zuwa ƙasashen da kamfanin ba shi da dila ko ɗaya, takardar kiranye kuma adireshin da ke cikin rajista take bi. Wanda ya sayi irin wannan motar ba abin da zai gaya masa an canza batirinta ko ba a canza ba sai in shi da kansa ya ɗauki lambar shasin motar ya duba a shafin kiranye na kamfanin da ya ƙera ta.